Kitse a Hantar Malam

"Wace ce ita?"

Malam ya dakata da ɗaura agogonsa, ya ɗago ya dubi matarsa. Tana tsaye a ƙofar kicin, hannayenta duk fulawa, idanunta sun yi luhu-luhu.

"Wa kike nufi?"

"Wadda kake ce wa ɗalibata a waya! Da kunnena na ji ka jiya... 'Kar ki damu ɗalibata, a hankali za mu bi.' Har da dariya! Yaushe rabon da ka yi min irin wannan dariyar?"

"Haba Ɗaliba... koyar da tuƙi fa nake yi. In ban kira su ɗalibai ba me zan kira su?"

"Kar ka sake kira na da sunan nan, tunda ya zama na kowa da kowa!"

"Ki sassauta murya, Umma tana ji."

"Ta ji mana! Ko ba ta ganin bargonka a kan kujerar falo kullum safiya? Wata nawa ke nan? Me na yi maka? Wari nake yi? Muni na yi? Ka faɗa min in gyara!"

Ta ga gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin safiya. Ya sunkuya da ƙyar ya jawo takalminsa, tumbinsa na tokare shi.

"Ba ki yi min komai ba. Wallahi ba ki yi min komai ba."

"To mene ne?"

"Na makara."

Ya ɗauki makullin mota ya fice. Ko kallon ƙullin abincin da ta shirya masa bai yi ba. Sai da ta bi shi har bakin get ta cusa masa ta tagar mota, soyayyar kaza da dankali, da yankan kek mai kirim, da lemon kwalba masu sanyi. Duk fushin da take yi, ba za ta iya barin sa ya fita da yunwa ba.

A makarantar koyon tuƙi suka haɗu. Ta je ne don ta riƙa kai wa mutane kek ɗin da take gasawa da kanta, shi ne aka haɗa ta da shi. Ranar farko ta taka totur a maimakon birki, ta rushe wani ɓangare na shingen makarantar. Maimakon ya yi faɗa, sai ya kifa kai a kan gwiwa yana dariya har da hawaye. Lasisi dai har yau ba ta samu ba, amma ta samu miji. Sunan Ɗaliba kuma ya bi ta, har surukarta da shi take kiran ta.

Shekarar farko kamar a mafarki. Yana dawowa zai wuce kicin ya tsaya a bayanta, yana lashe kwanon kwaɓi kamar ƙaramin yaro, tana ture shi da gwiwar hannu. Duk gefen kek ɗin da ta datse nasa ne. Ga shi wuni yake yi a zaune a kujerar mota, daga wannan ɗalibi zuwa wancan, kwalbar lemo a gefensa. Da wandunansa suka fara matse shi daɗi ta ji. Umma ma cewa take, "Kin iya kiwo, 'yar nan."

Sai gajiya ta shigo. Yana cin abinci sai barci. Sannan aka zo wani dare da ya matso kusa da ita da ɗokinsa kamar kullum, can sai ta ji ya yi sanyi, ya janye, ya juya mata baya. Ya ce gajiya ce. Ta yarda. Aka sake, aka kuma sakewa. Daga nan ya ɗauki bargo ya koma falo, wai ɗakin ya yi masa zafi.

Ba wanda ta faɗa wa. Da wane baki? Ta canza turare, ta canza kitso, ta sayi rigunan barcin da ita kanta take jin kunyar su. Da duk suka ƙi aiki, ta koma ga abin da ta fi iyawa. Ta ƙara bota, ta ƙara sukari, ta ƙara suya. Yana ƙara nisa da ita, tana ƙara cika masa faranti.

"Ɗaliba!"

Muryar Umma ce daga ɗakinta. Ta goge hannu ta shiga, ta durƙusa a gefen gado.

"Na ji hayaniyarku," in ji Umma tana jan carbi. "Ni ba mai shiga tsakanin miji da mata ba ce. Amma Auta shi kaɗai ne namiji a wurina. Shekara biyu ke nan ina zuba ido, ko ɓatan wata ban ji ba. Yanzu kuma yaro ya ƙaurace wa ɗakinsa..."

"Umma..."

"Mace ita ke riƙe miji a ɗaki, 'yar nan. Ki shirya, sati mai zuwa zan raka ki asibiti a duba mahaifarki. In akwai matsala a san da ita."

Hawaye ya cika mata ido. Magana ta zo har bakinta, ta haɗiye.

"To, Umma."

A shagonta na kek ma ranar ba ta tsinana komai ba. Kek ɗin farko ya ƙone, na biyu ya zauna a tsakiya. Ta kira yayarta tana kuka, ta ce mata kawai ya daina kwana a ɗaki.

"Mace ce!" in ji Yaya kai tsaye. "Wuni yake yi da 'yan mata a mota ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa. Ke ma ba a nan ya same ki ba? Ki tattaro ki taho gida, ya zo ya yi bayani a gaban manya!"

"Yaya, ina son sa..."

"So ɗin ne zai kashe ki!"

Bayan la'asar tana cikin shafa kirim wayarta ta yi ƙara. Lambarsa ce. Ta ɗauka da sauri.

"Malam?"

"Ke ce matarsa?" Muryar mace ce, tana haki. "Ni ɗalibarsa ce..."

Wuƙar kirim ta faɗi daga hannunta.

"Ki zo asibitin da ke kusa da filin koyo, yanzu! Ya faɗi... a cikin mota ya faɗi!"

Ba ta san yadda ta rufe shago ba. A hanya addu'a take yi tana haɗa ta da rantsuwa: in dai yana da rai, ko mata nawa yake so ya nema, ita ta yafe. Can kuma sai kishi ya taso ya shaƙe ta, ta ce bari dai ta ga fuskar matar.

A barandar asibiti wata dattijuwa ta taso mata, gashinta fari fat ta gefen ɗankwali, tabarau ya karkace a kan hanci, takalmi ƙafa ɗaya. A hannunta wayar Malam ce.

"Ke ce Ɗaliba? Ai hotonki ne a fuskar wayar. Ni ce na kira ki."

Ɗaliba ta tsaya sororo.

"Ke ce... ɗalibar?"

"Ni ce, 'yata. Na yi ritaya daga koyarwa na ce sai na iya mota kafin in mutu. Muna cikin zagaye sai na ji ya yi shiru. Ina dubawa, ya yi fari, gumi na zuba, ya yi amai ya sulale. Ba kowa a filin! Ni da ban taɓa hawa titi ba, na ce Allah ga ni gare ka. Motar ta mutu min a tsakiyar mahaɗa, na ture teburin wani mai lemu, takalmina ma ban san inda ya faɗi ba... amma na kawo shi."

Ɗaliba ta rungume ta ta fashe da kuka. Kukan tsoro ne, da kunya, da wani abin da ba ta san sunansa ba. In ba mace ba ce, to mene ne?

Ta same shi kwance da robar ƙarin ruwa a hannu. Ya farfaɗo, amma ya ƙi haɗa ido da ita. Aka ɗebi jini, aka kai shi hoton ciki, aka ce sai gobe. Ta kira Umma ta ce jiri ne kawai, ta kwantar da hankalinta.

Da hantsi likita ya shigo, mutum mai furfura a gemu da sanyin magana. Ya jawo kujera ya zauna.

"Akwai tambayoyin da zan yi maka na sirri. Kana so uwargida ta ɗan ba mu wuri?"

Ɗaliba ta miƙe. Malam ya kamo gefen mayafinta.

"Ta zauna," ya ce. "Ta fi kowa haƙƙin ji."

"Me ka sha jiya kafin ka faɗi?"

Yana kallon silin.

"Wani haɗi ne... a bakin kasuwa na saya. Da wasu ƙwayoyi. Aka ce... aka ce na ƙarfin maza ne. Na daɗe ina gwada iri-iri. Jiya bayan mun yi faɗa na ninka, na ce ko yau in na koma gida..."

Ya kasa ƙarasawa. Hawaye ya gangaro ya shige masa kunne. Ɗaliba ta toshe bakinta da hannu.

"Su ne suka faɗar maka da jini ƙasa har ka suma," in ji likita. "Allah ya tsare. Kana shan giya?"

"Giyar mota kaɗai na sani, likita."

Likita ya yi murmushi. "To madalla. Na tambaya ne saboda hoton ya nuna kitse ya taru a hantarka, gwajin jini kuma ya nuna ta fara wahala."

"Hanta?"

Malam ya yunƙura zai tashi, fuskarsa ta sauya gaba ɗaya. Ɗaliba ta san dalili. Ciwon hanta ne ya kashe mahaifinsa lokacin Malam yana saurayi. Ya taɓa ba ta labarin yadda cikin tsohon ya kumbura, idanunsa suka koma rawaya, yadda Umma ta yi jinyarsa har ta rame kamar ita ce marar lafiyar.

"Irin na Babana ne? Likita, faɗa min gaskiya!"

"Mun duba ƙwayar cutar da ka ce mana jiya ita ta kama mahaifinka, ba ka da ita. Naka daban ne. Zama wuri ɗaya, ƙiba, zaƙi da maiƙo, su suka tara shi. Sukarin jininka ma ya fara hawa. Kuma ka saurare ni da kyau: ina kyautata zaton wannan da matsalar da ta kai ka bakin kasuwa tushensu ɗaya."

"Me ya haɗa hanta da... da wancan?" Ɗaliba ce ta tambaya, kanta a ƙasa.

"Jini, 'yata. Ƙarfin namiji aikin jijiyoyin jini ne, sai sun saki sun buɗe jini ya wuce. Abin da ke tara kitse a hanta shi ke sa jijiyoyin nan su daina sakin jiki, kuma yakan rage sinadarin namiji. Shi ya sa muke yawan ganin su tare. Wani lokacin ma wannan raunin shi ne alamar farko, tun kafin hanta ko zuciya su yi ƙorafi. Ba sihiri ba ne, ba kuma rashin so ba ne."

Kalmar ƙarshen ta dake ta a ƙirji.

"Ana warkewa?"

"In aka yi sakaci hanta takan yi tabo, wannan ba ya gogewa. Amma nasa bai kai can ba. In ya rage nauyi, ya riƙa tafiya a ƙafa kullum, ya bar lemon kwalba da kayan zaƙi da suya, kitsen yakan ragu sosai, sau da yawa ɗayan ma ya gyaru. Ba zan yi muku alkawarin rana ba. Za mu duba zuciyarsa, in da buƙatar magani na gaskiya mu za mu ba shi. Na bakin kasuwa kuwa, ko a kyauta kar ya sake."

Da likita ya fita, Malam ne ya fara magana, fuskarsa a bango.

"Ki yafe min."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"In ce me? In dubi idonki in ce mijinki ya tashi daga namiji? Kullum na gan ki kin yi kwalliya domina sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ke nake gudu ba, Ɗaliba... kaina nake gudu."

"Ni kuma ina can ina zargin tsohuwa mai takalmi ɗaya..."

Bai yi dariya ba.

"Na yi tunani," ya ce. "Ke yarinya ce. Kina son haihuwa. Ba ki ji likita ba? Ba alkawari. Ba zan mayar da ke mai jinya kamar yadda Umma ta ƙare ba. In kina so... zan sawwaƙe miki."

Ta miƙe tsaye.

"Me ka ce?"

"Don ke nake..."

"Kar ka ƙara! Wallahi kar ka ƙara! Wa ya cika maka faranti? Wa ya riƙa cusa maka kek ta tagar mota? Ni ce! Da hannuna na yi maka wannan, sannan ka ce in tafi in bar ka da shi?"

"Ba ke kika buɗe min baki ba. Ni na ci."

"To tare muka ɓata, tare za mu gyara!" Ta faɗa kan ƙirjinsa tana kuka. "Masoyina... ni kai na aura. Ko hannuna kawai za ka riƙe har mu tsufa, ka dawo ɗaki. Kaɗaicin nan ne yake kashe ni, ba wani abu ba."

Ya zagaye ta da hannun da ba robar, ya ƙanƙame ta.

"Abu ɗaya nake roƙo," ya ce a kunnenta. "Kar Umma ta ji kalmar hanta. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ɗayan kuwa... kin sani."

"Ba mai ji daga bakina."

Suka ce wa Umma ƙiba ce da ɗan sukari.

Ya dawo ɗaki. Ba abin da ya canza a can tukuna, sai dai yanzu hira suke yi har barci ya ɗauke su. Da sassafe su fita tafiya tare, yana haki tana jan sa. Ta daina kawo ragowar kek gida. Farantinsa ya koma ganye, wake, dafaffen kifi, shinkafa ɗan cokali. Duk lokacin da ya dafe gefen cikinsa na dama sai gabanta ya faɗi. Kullum safiya sai ta faki idonsa ta duba ko farin ya sauya launi.

Umma kuwa ta sa ido. Tana ganin wuyan ɗanta yana fitowa, wandonsa na zamewa, sai hankalinta ya tashi. Haka mahaifinsa ya fara, da rama.

"Wannan abincin akuya ne ko na magidanci?" ta ce wata rana tana leƙa farantin.

"Likita ne ya ce, Umma."

"Likita ya ce ki kashe min ɗa da yunwa? Asibitin da na ce mu je kin ƙi, kullum da uzurinki. Ba haihuwa, ba girki, to me ya rage?"

Ɗaliba ta shige kicin ta kunna famfo don kar a ji kukanta.

Ranar da abin ya fashe, Yaya ta zo ziyara. Ɗaliba ta buɗe firij za ta ɗauko mata ruwa, sai ta ga kwalaben lemo an jera a bayan kayan miya, ga wani kwano a rufe da soyayyen nama yana ninkaya cikin mai. Ta gane. Umma ce ke aika a sayo, tana ajiye masa. Ko ya sha? Sau nawa? Duk tafiyar asubar nan, duk wahalar nan...

Idonta ya rufe. Ta kwashi kwalaben ta fara buɗewa tana tsiyayewa a wurin wanke-wanke, ɗaya bayan ɗaya.

"Innalillahi! Me nake gani?"

Umma ce a ƙofar kicin.

"Umma, ki yi haƙuri, wannan guba ne a jikinsa..."

"Guba? Ni zan ba ɗana guba? Ni da na haife shi? Ke da kika shigo jiya, kin ƙwace shi, kin tsotse shi ya zama kamar kara, ko ɗan tsako ba ki ajiye mana ba, yau ni ce mai guba?"

Yaya ta taso daga falo, mayafi a kafaɗa.

"A'a Umma, da girmanki! Ƙanwata ba baiwa ba ce. Ɗanki ne ya ƙaurace mata wata da watanni, ta rufa masa asiri, yau kuma ita ce juya? Ke, wuce ki haɗa kayanki!"

"Yaya, don Allah..."

"In kina da bakin kare kanki ki yi magana! Me yake faruwa a gidan nan?"

Su biyun suka zuba mata ido. Kalma biyu kawai za ta faɗa ta wanke kanta. Ta ji su a kan harshenta, masu zafi. Ta tuna fuskarsa a bango a gadon asibiti. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tayil.

"Ba komai," ta ce. "Laifina ne."

"Ba laifinta ba ne."

Ba wanda ya ji shigowarsa. Yana tsaye a bakin falo da makulli a hannu. Ya tako a hankali, ya zo gaban mahaifiyarsa ya durƙusa har ƙasa.

"Malam, kar ka..." in ji Ɗaliba.

"Bari. Ya isa haka." Ya ɗago. "Umma, lemon da kike ajiye min ban taɓa sha ba, yaran makaranta nake ba wa, na kasa faɗa miki. Ramar nan da kike gani magani ce. Kitse ne ya taru min a hanta."

Carbin ya suɓuce daga hannun Umma. Ta dafa bango.

"Hanta... Auta, hanta? Wayyo Allah, ya dawo! Ya dawo ya ɗauke min kai ma!"

"Ba irin na Baba ba ne! Wallahi an gwada, ba shi ba ne. Wannan ana shawo kansa, kuma abincin da take ba ni shi ne maganin." Kansa ya koma ƙasa, muryarsa ta dusashe. "Maganar haihuwa kuma... Umma, ki gafarce ni, ba maganar da ɗa zai yi a gaban uwa ba ce. Ba mahaifarta za a duba ba. Ciwon ya taɓa ni ta wani wajen. Ni ne na gaza. Na ce zan sawwaƙe mata ta ƙi. Duk abin da kike faɗa mata tana haɗiyewa ne don kar a ji kunyata."

Yaya ta zame mayafinta daga kafaɗa ta rufe fuska da shi.

Umma ta daɗe tana kallon surukarta. Ta taka da ƙyar ta zo gabanta, ta kamo hannayenta biyu da suka jiƙe da lemo.

"Na ce miki juya..."

"Umma, ba komai..."

"Da komai! Ni na san jinyar miji, na san abin da mace ke haɗiyewa. Amma ban gane ki ba. Ki yafe min, ɗiyata. Ki yafe wa tsohuwa, tsoro ne ya rufe min ido."

Ɗaliba ta faɗa jikinta, suka rushe da kuka tare. Yaya ta juya tana share ido, ta ce da Malam cikin in-ina, "Kai kuma... tashi mana, gwiwarka za ta yi ciwo."

Tun daga ranar Umma ta zama 'yar sandan gidan. Ita ke binciken motarsa in ya dawo, har ƙarƙashin kujera. Ko biskit ta gani sai ya yi bayani.

Watanni suka shuɗe, wasu da sauƙi wasu da fargaba. Akwai lokacin da nauyin ya tsaya cak ya ƙi sauka, Malam ya yi fushi ya ce ya gaji, Ɗaliba ta zauna a gabansa riƙe da takalminsa ta ce ba za ta tashi ba sai ya sa sun fita. Ranar da za a sake hoton ciki ko ruwa ta kasa sha. Tana zaune tana murza yatsu har likita ya gama duba takardun ya cire tabarau.

"Kitsen ya ragu sosai. Jinin ma ya yi kyau. Ku ci gaba, kar ku saki." Ya dubi Malam. "Ɗaya ɓangaren fa?"

Malam ya sosa ƙeya, ya saci kallon matarsa.

"Ana... ana samun ci gaba, likita."

Ɗaliba ta ja mayafi ta rufe fuska, kunnuwanta kamar wuta.

Da suka isa gida suka tarar da Umma zaune a falo da jakarta a gefe, ta yi shirin fita tsaf. Suka ba ta labarin sakamakon. Ta ɗaga hannu sama ta daɗe tana godiya, sannan ta share ido ta miƙe.

"To, ni zan je wurin yayarku in kwana biyu. Na kira mota, tana waje."

"Yau? Umma, lafiya? Wani abin muka yi?" in ji Ɗaliba a tsorace.

"Lafiya lau. Gidan ne ya yi min ƙanƙanta." Ta gyara mayafi ba tare da ta dubi kowa ba. "Kuma kar wanda ya kira ni. Sai na ga dama zan dawo."

Malam ya kai mata jaka har mota. Da ya dawo ya tura ƙofa ya jingina da ita, suka dubi juna. Dariya ta ƙwace musu a tare, irin wadda ta daɗe ba ta shiga gidan ba, har Ɗaliba ta dafe ciki, har dariyar ta juye ta zama hawaye.

Ya matso ya share mata da babban yatsa.

"Kukan me kuma, rabin raina?"

"Na ɗauka na rasa ka."

"Ga ni," ya ce, ya miƙa hannu baya ya murza makulli.